Wata uku ina ɗaura na'urar sauraron ƙwaƙwalwa da juna biyu

Cikina na wata biyar barci ya ƙaurace mini. Na taɓa yin ɓari, don haka da zarar ɗan ya daina motsi sai gabana ya yi ta faɗuwa, in kwana ido biyu har a kira assalatu. Maganin barci kuwa malamar awo ta ja mini kunne a kansa. Yayata da ke aikin jinya a Ingila ce ta aiko mini da wannan na'ura. Siririya ce, ana ɗaura ta a goshi ta zagayo bayan kunnuwa, a haɗa ta da waya.

Ranar farko surukata ta gan ni da ita ta ce, "Ke 'yar nan, lantarki za ki sa wa jikana?" Na ce, "Hajiya, ba ta sa komai a jiki, saurare kawai take yi." Haka ne kuwa. Ƙwaƙwalwa na fitar da 'yar wuta mai kaɗawa, irin wadda ake aunawa a asibiti ga masu farfaɗiya, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara ɗauka a jikin mutum a 1924. Idan mutum ya natsu ya lumshe ido, kaɗawar da ake kira alfa, mai bugawa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, takan ƙaru. Na'urar tana mayar da wannan kaɗawa ta zama sauti: tunani ya yi yawa ka ji iska da hadari a kunne, ka natsu hadarin ya lafa.

Makon farko hadari kawai nake ji. Sai da na koyi jan numfashi a hankali, minti 10 bayan sallar isha'i, sannan na gane yadda nake kwantar da zuciyata da kaina. Wajen mako na uku barci ya fara ɗaukata kafin sha biyu. Wannan na gode mata.

Amma zafin Katsina na watan Afrilu bai yi mata daɗi ba. Gumi na sa ta zame, sai na goge goshi na ture ɗankwali baya. Ga caji in babu wuta. Ƙwannafi da ciwon baya kuwa ko gezau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon kan da ya taso a wata na bakwai. Kwana huɗu ina ɗauka damuwa ce, ina ta ɗaura na'ura. Da na je awo asibitin Turai 'Yar'aduwa aka sami jinina 150 bisa 100, ƙafafuna sun kumbura. Daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, kuma shi ke kai mai ciki ga jijjiga. Na'urar ba ta auna wannan, ni ce na ɗora mata aikin da ba nata ba. Aka sa ni kan magani, aka matso da ranakun awona.

Na sauka lafiya, mace. Da kuɗina ne da wuya in saya, don tsadarta ta wuce aljihuna. Maƙwabciyata ta ara yanzu, na kuma ce mata ranar da kanta ya sara ta ajiye ta, ta tafi a gwada jininta.