Sharhi kan mitar gwajin lantarki ta hannu

Mitar gwajin lantarki, wadda masu gyara ke kira malti-mita, amfaninta bai cika fitowa sai a hannun wanda ya san lissafin da ke tattare da ita, kuma ta wannan fuska nake son yin sharhi a kan wadda nake aiki da ita. Mai allon lamba ce, tana auna bolt (ƙarfin da ke tura wuta) da amfiya (yawan wutar da ke gudana) da om (turjiya, wato yadda abu ke tare gudun wuta), ta zo da wayoyin gwaji guda biyu, ja da baƙa.

Ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827 ita ce ma'aunin da na gwada mitar da shi: idan aka raba bolt da amfiya sai a sami turjiya a om, sannan akwai wani lissafin daban, cewa idan aka ninka su sai a sami yawan wat da na'ura ke ci. Na haɗa ƙwan fitilar mota mai wat 21 da batir mai bolt 12, na cire waya ɗaya na saka mitar a tsakani domin wutar ta ratsa ta cikinta, sai allon ya nuna kusan amfiya 1.75. Da na ninka, 21 ɗin da aka rubuta a jikin ƙwan ne ya fito, da na raba kuwa sai na sami turjiya ta kusan om 7. A nan ba ni da abin cewa sai yabo, domin lambobin suna tsayawa cak, ba sa rawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da na cire ƙwan ya huce na auna turjiyarsa kai tsaye, ko om ɗaya bai cika ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka mitar ta lalace, alhali gaskiya ta faɗa. Siririn zaren da ke cikin ƙwan, idan ya yi zafi har ya ba da haske, turjiyarsa takan ninku kusan sau goma ko fiye, saboda haka lissafin bolt da amfiya shi ne ke nuna halin da ƙwan ke ciki yana kunne. Na yi takaicin yadda takardar bayanin da ta zo da mitar ba ta ce uffan a kan wannan ba, bayan kuwa mai koyo ne ya fi buƙatarsa.

Akwai wasu kurakuran. Idan aka haɗa bakin wayoyin biyu, allon yakan nuna kusan om 0.3 maimakon sifiri, kuma babu maɓallin share wannan adadi, dole mutum ya debe shi da kansa yayin auna ƙaramar turjiya. Wanda ya fi damuna shi ne rashin ƙarar gargaɗi idan an bar jar waya a ramin mitar na gwajin amfiya 10 aka juya zuwa gwajin bolt, domin hakan gajeriyar hanya ce ga wuta, in an yi sa'a fis, wato 'yar wayar kariya da ke cikin mitar, ne kawai zai ƙone.

Ga wutar batir da ta faifan sola, ina ba da shawarar a mallake ta ba tare da fargaba ba. Ga fanka ko injin firiji da ke kan wutar gida kuwa, ninka bolt da amfiya yakan zarce ainihin wat ɗin da suke ci, don haka mai irin wannan aiki ya nemi mitar da ke auna wat kai tsaye.