Wace na'urar gano ƙarfe ta dace da neman tsofaffin kuɗi a gidajen Legas?

Duk wanda ya tashi sayen na'urar gano ƙarfe don neman anini da kwabo mai huji, abin da ya fara tambayar mai shago shi ne ƙafa nawa take gani a cikin ƙasa. Da wannan tambayar ake kama shi a sayar masa da abin da ba zai amfane shi ba. Kuɗin da ya faɗi a tsakar gida galibi yana tsakanin inci huɗu zuwa goma ne, kuma kowace na'urar kirki tana kai wa nan. Wahalar Legas tarkace ce: ƙusar kwanon rufi, murfin kwalbar lemo, guntun gwangwanin madara, takardar alminiyom ta kwalin taba, duk sun cakuɗe da ƙasa shekara da shekaru. Na'urar da za ta tsamo kwabo daga tsakanin ƙusa biyu, kuma ta jure damina, ita ake nema.

Ya kamata a san abin da ake farauta tukun. A 1907 aka fara buga wa Najeriya kuɗin Ingila masu huji, kuma aninin farko na alminiyom ne, daga 1908 aka mayar da shi gamin jan ƙarfe da nikel. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sannan daga 1920 aka koma tagulla. A 1959 kuɗin Tarayyar Najeriya suka zo, har naira da kobo suka karɓe su a 1973. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da saye, domin na'ura tana nuna lamba a allonta gwargwadon irin ƙarfen da ta ji: azurfa da tagulla suna ba da lamba mai girma, amma gamin nikel, wato mafi yawan anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo mai huji, yana faɗowa tsaka-tsaki, daidai inda tarkacen alminiyom ke faɗowa. Wanda ya saita na'urarsa ta yi shiru a kan lambobin wannan tsakiyar don gudun shara ya toshe abin da ya fito nema.

A ganina, Nokta Legend ita ce ta tsakar gidan Legas. Kamfanin na Turkiyya ne. Tana aika siginarta cikin ƙasa a kan mitoci da yawa, irin mitar rediyo, a lokaci guda, kuma za ka iya tsayar da ita a kan guda ɗaya: 4, 10, 15, 20 ko 40 kHz. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne a gidan haya inda wayar NEPA ta ratsa sama kuma janareto uku ke ruri a maƙwabta. Idan na'urar ta fara surutu ba dalili, sai ka sa ta zaɓi tashar da ba hayaniya, ka rage ƙarfin jinta, in abin ya ƙi ka koma mita ɗaya kamar 15 kHz, yawanci sai ta natsu. Mitoci da yawan kuma su ne maganin ƙasa mai gishiri a unguwannin bakin ruwa irin su Obalende da Ebute Metta, inda na'ura mai mita ɗaya kan ɗauki jiƙaƙƙen yashi kamar ƙarfe. A Agege kuwa, inda ƙasar ta fi ja, kana iya daidaita ta da ƙasar wurin da hannunka: ka nemi inda ba ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifan, wato zagayayyen kan na'urar da ake wucewa da shi bisa ƙasa, kana sauke shi har ƙarar ta lafa.

Tana shiga ruwa har zurfin mita uku, ita duka har da allon. Batirinta na ciki ne, ana cajinsa da wayar USB, ko fawa bank ma ya isa. Lambobinta daga 1 zuwa 60 suke, kuma akwai ma'auni a gefen allo da ke nuna yawan baƙin ƙarfen da ke jikin abu, wanda shi ke tona asirin murfin kwalba mai tsatsa da ke kwaikwayon kuɗi. Amma abin da ya fi komai shi ne saurin da take sakin abu ɗaya ta kama na kusa da shi, wanda ake saitawa daga 1 zuwa 10. A gida mai tarkace ka kai shi 6 ko 7. Zurfi zai ɗan ragu, ba komai.

Faifan da take zuwa da shi babba ne, na gona da fili. A tsakar gida yana hawa kan abu uku ko huɗu lokaci guda, sai lambar ta riƙa tsalle. Ka haɗa da ƙaramin faifai mai inci shida, LG15, tun ranar saye. Da a ce kuɗinka na abu ɗaya ne, da na ce ka rage darajar na'urar ka sayi ƙaramin faifan.

Sauran fa? Minelab Vanquish 440 tana da mitoci da yawa kuma ba wuyar koyo, sai dai faifanta kaɗai ke shiga ruwa, ga batir AA huɗu kullum. Nokta Simplex da Minelab X-Terra Pro suna jure ruwa, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi ba laifi, amma mita ɗaya suke aiki da ita a lokaci guda. Minelab Equinox 900 tana yin kusan duk abin da Legend ke yi, da ƙarin kuɗi mai yawa. Garrett Ace 250 zamaninta ya wuce. Gold Monster 1000 kuwa ta masu neman zinariya ce a daji, ba ta tsakar gida mai tarkace ba ce.

Inda ake asarar kuɗi da gaske shi ne jabu. Garrett da Minelab suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwali da tambari da littafin bayani. Ƙaramar sandar nan ruwan lemo ta Garrett da ake lalube cikin rami da ita, Pro-Pointer AT, jabunta sun cika intanet. Kamfanonin nan suna da jerin dilolinsu a shafukansu, ka duba kafin ka tura ko sisi. Ka nemi lambar jikin na'urar ka tabbatar da ita wurin kamfanin, ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kasuwa ba sa'a ba ce. In tokumbo ce, ka je da kwabo mai huji da ƙusa da murfin kwalba a aljihu. Ka ajiye kwabon a ƙasa, ka wuce da faifan sau goma: ta gaskiya za ta maimaita kusan lamba ɗaya, jabu kuwa sai ta ba ka lamba daban-daban. Sannan ka sa ƙusar kusa da kwabon kamar faɗin yatsu uku ka ji ko za ta raba su. Ka duba kunnuwan faifan ko sun tsage, ka murza wayarsa kana sauraro, in ƙara ta tashi to wayar ta karye a ciki. Kada ka yarda a gwada maka da kuɗin mai shago a iska.

Akwai kuma na'urori masu eriya da ake cewa suna hango zinariya ko tukunyar kuɗi daga nisan kilomita. Damfara ce tsantsa, komai kyan akwatin da aka sako su. Su ma tsofaffin kuɗin ana yin wasa da hankalin mutane a kansu. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas an buga shi da yawa, ba zai sayi mota ba. Dalar Maria Theresa da fatake suka yi ciniki da ita, duk wadda aka sake bugawa 1780 take ɗauke da shi, don haka shekarar ba shaidar tsufa ba ce. Ƙwandalar ciniki ta 1858 ta Macgregor Laird, wani ɗan kasuwar Birtaniya, abu ne da masu tarawa ke so, kuma saboda haka ne bai kamata a saye ta daga hoto ba. Masu cewa akwai wani sinadari a cikin kwabo mai huji da Turawa ke saye da miliyoyi, a ƙarshe kuɗin gwaji za su nema a wurinka.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbata kana da inda za ka yi aikin. Gidan da aka shafe da siminti ko aka shimfiɗa masa intalok ya fita lissafi, haka wuraren da aka cike da yashi kwanan nan kamar yawancin Lekki. Tsofaffin gidajen Agege, Idi-Araba, Yaba da Ebute Metta masu sauran ƙasa a baya, gindin bishiya da inda ake shanya, nan ne wurin. Izinin mai gida kansa ake nema, na ɗan haya bai isa ba, kuma ku yi maganar rabo tun kafin a tona. Ka tambayi inda wayar wuta da bututun ruwa da sokawe suka bi, ka yi tono da cokalin magini maimakon diga, ka mayar da ƙasa ka daddale. Abin da ka samu ka wanke da ruwa da sabulu da buroshi mai laushi, domin lemon tsami da toka suna cinye rubutun. In kuwa ka ci karo da abin da ya wuce kuɗin aljihu, kamar tukunya ko mutum-mutumi, ka dakata ka sanar da gidan tarihi na Onikan, domin dokar 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba tare da izini ba.