Rufe bakin GCC ko gyara sanarwar strlen?

A glibc, wato laburaren yaren C na GNU, fayil ɗin string.h ya ɗora wa strlen (aikin da ke ƙirga tsawon rubutu) sifa (attribute) mai suna pure, wadda ke nufin aikin na iya karanta ma'adanar bayanai (memory) amma ba ya sauya komai. Idan wani tsohon fayil ya sake sanar da strlen da sifar const, kwamfailar GCC (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura) daga sigar 8 zuwa sama zai yi gargaɗi cewa sifofin sun saɓa, ya watsar da ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙara -Wno-attributes a umarnin GCC. Gargaɗin zai ɓace nan take, amma saɓanin yana nan, kuma duk sifar da aka rubuta sunanta ba daidai ba za ta wuce shiru.

Ɗaya hanyar, a goge sanarwar da aka rubuta da hannu a tsohon fayil ɗin, a sa #include <string.h> kawai. Ita ce ta fi. Sifar const alkawari ce cewa aikin ba ya karanta ma'adanar bayanai, alhali strlen sai ya bi harufa ɗaya bayan ɗaya har ya tarar da sifili. Da const ta yi tasiri, kwamfaila na iya haɗe kira biyu bayan an sauya rubutun a tsakani, ya dawo da tsohon tsawo. In fayil ɗin na wasu ne, ba ka iya taɓa shi, sa #pragma GCC diagnostic ignored "-Wattributes", tare da push da pop, a kewayen layin #include ɗinsa kaɗai.