Na sayi Diplomacy don shirya wa ƙungiyarmu labari, ga abin da na tarar

Kusan shekara biyu ke nan muna haɗuwa a zauren gidanmu da ke Runjin Sambo duk daren Asabar, ni ne mai ba da labari a wasan Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labarin da ake ba su. Abin da ke ba ni wahala kullum shi ne siyasar masarautun da ke cikin labarin. Ni kaɗai nake zama in tsara wa ya yaudari wa, wa ya ƙulla da wa, kuma 'yan wasa suna gane hannuna ne. Shi ya sa na yi odar Diplomacy, wani wasan allo na yaƙi da ƙulla ƙawance tsakanin ƙasashe, daga wani mai sayarwa a intanet, da niyyar mu buga shi sau ɗaya, duk abin da ya faru a kan allon ya zama tarihin duniyarmu.

Ya ce mini sabo ne fil. Da kwalin ya iso tasha na buɗe, ledar a yage, jiragen ruwan Ingila babu ko ɗaya. Da ƙwallon dabino muka cike gurbinsu.

Amma wasan kansa, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Wani Ba'amurke, Allan Calhamer, ya fitar da shi a 1959, kuma babu dayis irin na ludo a cikinsa, babu sa'a. Ƙasashe bakwai ne na Turai, ana farawa daga 1901, akwai cibiyoyi 34 a taswirar, wanda ya riƙe 18 ya ci. Duk runduna ƙarfinta ɗaya, ba ka ture kowa sai wata runduna, taka ko ta wani, ta mara maka baya. Kowa zai rubuta umarninsa a takarda a ɓoye, a buɗe lokaci guda. To kafin rubutun nan ne ake raɗa, wannan ya ja wancan bakin ƙofa, wancan ya bi wani wurin mai shayi.

Na riƙe Ostiriya, ƙanena ɗan kawuna ya riƙe Italiya. Garinsa Benis da nawa Tiriyeste kafaɗa da kafaɗa suke tun farkon wasa, don haka muka yi alkawarin ba mai taɓa wani. Yaron nan ko gaisuwa ba ya yi mini a tsaye. Ya ce, "Yaya, ka tafi gabas abinka, bayanka na hannuna." Na kwashe runduna na nufi Turkiyya. Da aka buɗe takardu a kakar 1902, sai ga shi cikin Tiriyeste, ashe tun kafin mu tashi sallar Isha ya gama magana da mai riƙe da Rasha. Zauren ya yi tsit. Na ce, "Kai, mi na yi maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, in ban ci ka ba Faransa za ta ci ni." Raina ya ɓaci da gaske a daren, ba zan ɓoye ba.

Washegari na tattara takardun umarnin duka, na sauya sunayen ƙasashen zuwa na masarautunmu. Abin da da nake kwana uku ina ƙirƙira, ga shi a rubuce da hannun mutum bakwai. Yanzu 'yan wasa suna yawo a birnin da aka ci amanarsa, kuma idan wakilin waccan masarauta ya shigo labari, ƙanena nake sa wa ya yi maganarsa, don shi ya san dalilinsa. Duk bayan zama huɗu muna komawa kan allon mu buga shekara ɗaya, mu ga inda iyakoki suka koma.

Sai dai a sani, wasan yana cin lokaci. Mun kai ƙarfe ɗaya na dare da fitila mai caji, cikin zafin Sakkwato, ba mu wuce 1904 ba. Haɗa mutum bakwai ma aiki ne, in ɗaya bai zo ba daɗin ya ragu sosai. Wanda aka cinye da wuri kuma sai ya zauna yana kallo.

Kuma har yau abin mai sayarwar nan yana ci mini rai. Kuɗin sabo na biya, na tura masa hoton kwalin tun ranar, ya ce zai aiko da jiragen cikin sati. Wata na uku ke nan, saƙona ma ya daina buɗewa. Duk wanda zai yi oda, ya sa a buɗe kwalin a ƙirga masa kayan a bidiyo kafin ya tura ko sisi. Mu dai Asabar mai zuwa za mu shiga 1905, Ingila na nan da ƙwallon dabinonta.