Rediyon sauraren jiragen sama da na saya a Ahmadu Bello Way, ga yadda na same shi

Rediyon nan yana aiki, amma ba irin aikin da mai shago ya yi ta kururutawa ba. Ɗan ƙarami ne cika hannu, da eriyar roba da sikirin mai hasken lemu, yana kama zangon da jiragen fasinja ke magana a kai, wato daga 118 zuwa 137 MHz. Ji kawai ake yi da shi, ba ya tura magana, kuma hakan ya fi min kwanciyar hankali don ba na son ranar da yaro zai danna wani abu muryarsa ta faɗa kunnen matuƙin jirgi.

Mai shagon ya ce min "Alhaji daga kan gadonka za ka ji hasumiyar filin jirgin Kaduna tar", to ni a Barnawa nake, kuma wallahi ko tarin mai hasumiya ban taɓa ji daga gida ba. Wannan zangon a miƙe yake tafiya, in gini ko tudu ya tare shi shikenan. Jirgin da ke can sama kana jinsa ko yana da nisa sosai, amma wanda ke ƙasa yana ba shi amsa sai ka matso. Don haka a gida rabin hira nake ji, matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi, ni kuma in cike sauran da ka. Sai da na hau saman benen wani ɗan'uwa can wajen Afaka, kusa da filin jirgin, sannan na ji ɓangarorin biyu, murya fes.

Abin da ya sa na saye shi tun farko shi ne son sanin me ake cewa a rediyo idan injin jirgi ya mutu a sama. A nan ne na ci sa'a da wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga aikin hasumiya, ya ga eriya a hannuna bayan la'asar ya ce yaro kawo in gani, tun daga nan muke zama da shi a dakali. Na ce Baba in inji ya tsaya ku me kuke yi, ya yi dariya ya ce su ba makanikai ba ne, aikinsu share hanya. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya tafiya da ɗaya har ya sauka, abin da matuƙi ke buƙata a lokacin shi ne sarari da shiru da lokaci. In ya ce Mayday sau uku, rai na cikin haɗari kenan, in Pan-pan ya ce sau uku, matsala ce ta gaggawa amma ba ta kai can ba tukuna. Yana iya sa lamba 7700 a na'urarsa, nan take jirgin ya fito daban a allon rada. Daga nan mai hasumiya zai amsa ya ji, ya kawar da sauran jirage daga gabansa da ƙarƙashinsa, ya tsayar da masu shirin tashi, ya ce kowa ya yi shiru a layin ko ya tura su wani layin, ya buga wa 'yan kwana-kwana su fito bakin titin saukar jirgi, sannan ya faɗa wa matuƙin filin da ya fi kusa, inda zai juya, tsawon titin da yadda iska ke kaɗawa.

Tambayoyin ma ƙidayayyu ne: mutum nawa ne a ciki, man da ya rage zai kai awa nawa, akwai kaya mai haɗari, wane injin ne, me kake son yi. Na wane inji ɗin nan don masu kashe gobara su san gefen da za su nufa ne. Abin da Baba ya fi nanatawa kuwa shi ne haƙurin rufe baki, ya ce sabon ma'aikaci ne ke cika matuƙi da tambaya alhali mutumin hannunsa biyu na kan aiki, abokinsa na karanta masa takardar matakai layi-layi. In matuƙi ya ce a dakace shi, sai a dakace shi, in ya ce yana son zagaye ya gama shiri ko ya rage nauyin mai, a ba shi fili ya zagaya. Shawarar ƙarshe ta kyaftin ce.

Mun saurari faifan jirgin US Airways 1549 tare a wayata, wanda tsuntsaye suka kashe wa inji biyu bayan tashi daga filin jirgin LaGuardia a New York ranar 15 ga Janairun 2009. Patrick Harten da ke kan rada ya miƙa wa matuƙin titi na 13 na LaGuardia, Kyaftin Sullenberger ya ce ba zai iya ba, Harten ya nemo masa filin jirgin Teterboro, ya ce nan ma ba za su kai ba, kogin Hudson za su. Duka abin bai cika minti 4 ba, mutum 155 kuma duk suka fita da rai. Baba ya ce in lura Harten bai tsaya musu ba ko sau ɗaya, wannan ƙofa ta rufe ya buɗe wata. Da muka zo kan hatsarin jirgin kamfanin Dana na 3 ga Yunin 2012 kuwa sai ya yi jim. Jirgin ya taso daga Abuja zuwa Legas, rahoton bincike ya nuna inji ɗaya ya fara ba da matsala tun da sauran tafiya amma ba a karkata zuwa fili mafi kusa ba, sai da na biyun ma ya tafi aka kira Mayday, ya faɗi a Iju-Ishaga, mutum 153 da ke ciki babu wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu. Mai hasumiya ba ya taimakon abin da ba a faɗa masa ba.

To a rediyon nawa fa? Mayday ban taɓa ji ba, kuma ba na fata. Na ajiye 121.5, layin gaggawa na duniya, a ma'adanarsa, kusan kullum shiru. Wanda zai saya don ya ji tashin hankali ya riƙe kuɗinsa. Kaduna ma ba ta da cunkoson jirage, ba kamar makonni 6 ɗin nan na 2017 da aka rufe titin filin jirgin Abuja aka dawo da komai nan ba, yawancin abin da nake kamawa masu wucewa ne ta sama suna magana da cibiyar kula da jirage ta Kano.

Matsalolinsa kuma akwai su. Batirin ba ya kai yini in ka bar shi yana laluben tashoshi, laluben ma a hankali yake yi, maganar jirgi kuwa 'yar daƙiƙa ce, kafin ya iso an gama rabi. Gara ka zaɓi layi biyu ko uku ka tsaya a kansu. In an kunna inbata ko janareta a gida sai ƙara ta cika shi, cajar waya mai arha ma haka, wani lokacin har tashar FM ke kutsowa ka ji waƙa a tsakiyar lissafin tsayin jirgi. Eriyar robar da ya zo da ita ta ado ce kawai. Wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya yanka min wayar tagulla mai tsawon kusan santimita 60 ya haɗa da kebul muka ɗaure a jikin tankin ruwa, bambancin ba kaɗan ba. Takardar bayanin da ke kwalin kuwa Turancinta sai a hankali, Baba ne ya nuna min maɓallin da ke toshe shuuu ɗin nan in ba a magana.

Wa zan ce ya saya? Yaran da ke burin shiga kwalejin jiragen sama ta Zariya ko aiki da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, don kunne yana sabawa da yadda ake karanto lamba ɗaya-ɗaya da maimaita umarni, abin da littafi ba zai ba ka ba. Sai dai don Allah kar wani ya ɗauki rediyo mai eriya ya je ya tsaya jikin shingen filin jirgi a wannan yanayin tsaro na garin nan, bayani zai yi maka tsawo. In za ka saya, ka sa mai shago ya fito da shi waje ya kunna ku jira har ku ji jirgi ko ɗaya kafin ka biya, ka kuma haɗa da batir na biyu tun a wurin don ba a cika samun irinsa a kasuwa ba.