Tsarin Reid da Tsarin PEACE Wajen Yi wa Wanda Ake Tsare da Shi Tambayoyi

Tsarin Reid ya samo asali ne a Amurka, daga John E. Reid, tsohon ɗan sandan Shikago. Mai tambaya yakan shiga ɗaki ya riga ya yanke cewa mutumin ya aikata laifin. Da ya fara musu sai a katse shi, a riƙa nuna masa laifin ba wani babba ba ne, wani lokacin har a yi masa ƙaryar cewa an samu hujja, dabarar da Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a 1969. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wanda aka galabaitar, musamman yaro, yakan amsa abin da bai yi ba don a ƙyale shi. Misali, matasa biyar da aka zarga da yi wa wata mata fyaɗe a Central Park, wani wurin shaƙatawa a birnin New York, sun amsa laifi a 1989, sai a 2002 aka wanke su.

Tsarin PEACE kuwa, da Ingila da Wales suka fito da shi a 1992, bayani yake nema. Ana barin mutum ya ba da labarinsa da bakinsa, sannan a auna maganarsa da hujjojin da ke hannu, kuma an hana yaudara. Yana buƙatar dogon shiri kafin a zauna, amma ni na fi yarda da bayanin da aka samu ta haka.