Tagar filasma a injin walda da ilektaron: abin da take iyawa da inda take gazawa

Matsalar walda da ilektaron daɗaɗɗiya ce. Bindigar da ke harba zaren ilektaron ba ta aiki sai a wurin da aka zuƙe iskarsa ƙarƙaf, don haka galibi sai ƙarfen da za a haɗa ya shiga cikin ɗaki a rufe, a jira famfo ya gama zuƙa, a yi walda, a buɗe, a sake daga farko. Ƙarfen da ya fi ɗakin girma kuwa, sai haƙuri.

Tagar filasma, wadda Ady Hershcovitch ya ƙirƙira a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka, ya kuma wallafa bayaninta a 1995, ta zo ne don ta cire wannan ɗaki. Filasma iska ce da ta yi zafi har take ɗaukar lantarki; ita ke toshe ƙofar da ke tsakanin bindigar da iskar waje. Ƙirarta ba ta da ruɗani: faya-fayen jan ƙarfe a jere, kowanne da rami na 'yan milimita a tsakiya, an raba su da abin da ba ya ɗaukar lantarki, ruwa na zagayawa a cikinsu. A gefe guda akwai tsinken ƙarfen tangistin, a ɗaya gefen farantin da ke karɓar wutar. Ana tura iskar argon ko hiliyam, a kunna wuta ta cika ramin.

A nan dabarar take, kuma ta burge. Zafin cikin ramin yana kai digiri 12,000 a ma'aunin Kelbin, kusan ninki 40 na zafin iskar waje, shi ya sa kaurin iskar ke raguwa da kusan wannan ninkin. Tana kuma ƙara danƙo, sai gudunta zuwa ɓangaren bindiga ya ragu ƙwarai. Ilektaron na ratsawa, iska na tokarewa. Ƙari a kan haka, wutar da ke bin ramin tana haifar da maganaɗisun da ke tsuke zaren maimakon ya bazu.

Sai dai kada a zaci an rabu da famfo. An rage masa aiki ne kawai. Tagar na shan lantarki sosai, kusan kilowat 8 ga kowane santimita na faɗin rami, abin da ya sa ba a faɗaɗa ta. In ruwan sanyaya ya yanke ko na ɗan lokaci, bakin faifan zai narke. Tsinken tangistin na cinyewa, wutar ta fara rawa. In zaren ya kauce daga tsakiyar ramin, jan ƙarfen tagar zai ƙona, ba ƙarfen da ake waldawa ba.

Babban abin lura shi ne, da zarar zaren ya fito fili, iska na watsa shi. Dole ƙarfe ya matso bakin tagar, kuma zurfin waldar ba ya kamo na rufaffen ɗaki. Hasken eksire na nan, garkuwar dalma wajibi ce. Ƙarfe irin taitaniyam kuma sai an lulluɓe shi da argon don kada iska ta ɓata shi.

Ga manyan sassa masu matsakaicin kauri, ta cancanci a gwada. Mai neman siririyar walda mai zurfi ya riƙe ɗakinsa.